Rabin Kiɗan da Baba Ya Sani

Ɗakin da aka kai ni a gidan mijina, a Fagge, bango ɗaya ne ya raba shi da shagon da surukina yake ɗinki. Bangon ƙasa ne, kuma can sama kusa da azara an bar wata 'yar kafa don iska. Ta nan nake jin tarinsa, da ƙarar almakashinsa, da hirarsa da masu kawo aiki. Zamanin Turawa ne, a farkon shekarun hamsin. Baba muke kiransa, kuma na san muryarsa fiye da fuskarsa, domin ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Da safe nakan durƙusa a bakin ƙofa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani gefe, ya sa mini albarka, in tashi. In zai shigo cikin gida sai ya yi gyaran murya tun daga zaure, mu mata mu kintsa, mai waƙa ta yi shiru, mai dariya ta haɗiye abarta. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin nauyin haka ba sai bayan mutuwar mijina.

Dangin mijina Barebari ne, kakanninsu suka zo daga Barno suka zauna a Fagge tun kafin jirgin ƙasa ya iso Kano. Baba aikin manyan riguna yake yi da hannu, kuma har daga cikin birni ake kawo masa. Mijina shi kaɗai ne ɗansa namiji da ya rayu, amma bai gaji allura ba. Yana tsaron kantin kayan keke a Sabon Gari, kuma a can ya ga jita. Wani malamin makarantar mishan, Kirista mutumin ƙasar Zazzau, wanda kowa ke kira Ticha, shi ya koya masa riƙo. Ranar da mijina ya shigo da ita gida a cikin buhu, Baba ya ce masa su ba maroƙa ba ne, kada ya kuskura ya ji ta a gidansa.

Sai mijina ya nemo dabara. Yakan ninke wani tsohon kallabina ya cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin, sai sautin ya mutu, ya koma kamar ana taɓa bayan ƙwarya da yatsa. Da haka yake gwaji in ya dawo daga kanti bayan La'asar, yana zaune a bakin gado, ni ina gefe ina tsinke ganyen miya. Mun ɗauka bangon ya ishe mu.

Yana da wani kiɗa nasa na kansa, wanda bai ɗauko a wurin kowa ba. Farkonsa a hankali yake tafiya, kamar mai gangarowa da tulu a ka, ƙarshensa kuma ya komo inda ya faro. A tsakiya akwai wuri mai wuya, inda yatsu ke hawa wuyan jitar da sauri, ƙaramin yatsa ya miƙa nesa. Nan yake tuntuɓe kullum, ya ɗan tsaya, sannan ya wuce. Ticha ya taɓa gaya masa cewa mai koyo ba ya ɓata lokaci a kan abin da ya riga ya iya, sai dai ya ware wurin da ke ba shi wuya ya yi ta maimaita shi a hankali. Saboda haka tsakiyar nan kaɗai yake yi a yawancin ranaku. Cikakken kiɗan kuwa sai ranar da Baba ya shiga birni sayen zare, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta tafi unguwa. Ranar yakan zare kallabin, ya yi shi daga farko har ƙarshe, ni kuma ina binsa da murya, ba kalmomi. Yakan ce in ya gyara tsakiyar zai kai wa Ticha ya ji.

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, a bazarar da aka yi ta fitar da gawa daga unguwarmu. Bai daɗe a kwance ba. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Na shiga takaba a ɗakin nan. Da dangi suka zo duba abin da ya bari, sai aka ciro jitar daga ƙarƙashin gado. Wani ya ce a ƙone ta. Inna ta ce ko me za a yi a fitar mata da ita daga gida, domin ita ce take riƙe ɗanta a Sabon Gari har ya kwaso cutar. Baba ya ce a kai masa shago, zai mayar wa masu ita.

Bayan an share makoki, wata rana da azahar, unguwa ta yi tsit saboda zafi, sai na ji an ja tsirkiya ɗaya a bayan bango. Aka daɗe. Aka sake ja.

Ran Lahadin da ta biyo baya na ji an jingine keke a ƙofar shago, na ji muryar Ticha yana yin ta'aziyya. Ashe Baba ya taka har Sabon Gari ya yi ta tambaya sai da ya sami gidansa, shi da ba ya shiga can sai in dole. Bayan sun gaisa sai na ji Baba ya sassauta murya ya fara rera wani abu da hanci. Da farko ban gane ba. Da na gane, sai na dafa gado na zauna. Tsakiyar kiɗan mijina ce, a dakushe kamar yadda kallabi ke fitar da ita, har da 'yar tsayawar nan ta wurin tuntuɓe. Ashe duk yammacin nan da muke cewa ba ya ji, yana zaune da allura a hannu yana sauraro.

"Wannan nake so," in ji Baba. "Ba na neman kome bayansa."

"Baba, ban san shi ba. Na coci na koya masa, da ɗan abin da 'yan Ikko ke yi. Wannan nasa ne."

"To ka koya mini hannun. Ni zan nemo sauran."

 Baba ya tambayi Ticha ko ya tsufa da yawa ne, ya gaya masa gaskiya. Ticha ya yi 'yar dariya ya ce ya taɓa koya wa wani tsohon direban jirgi da ya girme shi, kuma shekaru ba su ne matsala ba. "Farcenku ne matsala, Baba. Ku yanke na hagu, ƙwal."

Haka aka fara. Ticha yakan zo kowace Lahadi in an tashi daga coci, ni kuma ina jin darasin duka ta kafar bango. Ya nuna masa yadda ake murɗa kunnuwan jita har tsirkiyoyi su daidaita, da yadda ake danna tsirkiya da kan yatsa daf da ƙarfen gaɓa. Ya ce a yi kaɗan-kaɗan kullum, ya fi a yi da yawa rana ɗaya. Ya ce a yi a hankali har ya zama babu kuskure, sauri zai zo da kansa. Ya ce da yatsu sun fara zafi a ajiye.

Wahalar Baba ita ce, duk rayuwarsa hannun dama ne mai aiki, na hagu riƙe ƙyalle kawai ya sani. Jita kuwa na hagun take nema. Yatsun sun ƙi rabuwa da juna, in ya danna ɗaya sai ɗan'uwansa ya biyo shi ya danne tsirkiyar kusa. Kuma bai bi maganar Ticha ba. Ya ɗauki abin kamar aikin riga, wanda ake zama a kansa daga hantsi har rana ta karkata. Kan yatsunsa suka tsage. Inna ta shigo ɗakina tana faɗa, wai ya ɓata wa wani Alhaji farar shadda da jini.

Na ce mata a garinmu manoma kan sa lalle in hannunsu ya tsage, yana ƙarfafa fata. Ta harare ni, amma ta kawo garin. Ni mai takaba ba na ƙunshi, don haka da tsinke na kwaɓa shi don kada ya kama ni, na zuba a 'yar tasa, ta kai masa. Ina jin ta tana ajiyewa tana cewa, "Ga shi nan, amarya. Sai mu sa ranar kamu."  Wannan kwaɓin lalle shi ne iyakar abin da na iya taimaka masa da shi.

Unguwa ta ji. Akwai wani Bafulatani abokinsa, mai sayar da man shanu, da ke zama a shagon da hantsi, kuma tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa. Yana shigowa ya ga jan yatsu sai ya ce, "Babarbare, an bar allura an koma roƙo? Yi mini kirari in aiko maka da nono."

"Kai me ka sani a kiɗa," in ji Baba, "ban da busa kara a bayan shanu?"

Suka yi dariya, kuma wannan ce dariyar Baba ta farko da na ji tun rasuwar. Amma sauran mutane ba da wasa suka ɗauka ba. A da in limamin masallacin unguwa ba ya nan, Baba ake turawa gaba. Sai aka fara tura wani. Masu kawo riguna suka ragu. Shi kuwa sai ya koma rufe ƙofar shago in zai ɗauki jitar.

Wata safiya Inna ta miƙo mini wani abu a ninke, ta ce in ji Malam, wato Baba. Kallabina ne, wanda ya tarar a ƙarƙashin tsirkiyoyin. An wanke shi, an buga shi da bugu ya kwanta sumul, kuma inda ya ɗan yage an ɗinke da ɗinki irin na Baba, wanda sai an ɗaga ga haske ake gani. Shi kuwa ya yanki ƙyalle daga ragowar aikinsa ya cusa a madadinsa, domin ya ce wa Ticha in babu ƙyalle ba ya gane kiɗan.

Kafin ruwan farko ya sauka, yatsunsa sun yi kanta, tsakiyar ta fara fitowa. Da farko guntu-guntu, sannan a haɗe. Ranar da ya yi ta daga kai har gindi ba tare da ya ɓata ba, sai na ga kamar in na juya zan ga mutum a bakin gado. Na sa kallabin a baki na cije.

Ticha ya yaba, amma ya ce akwai wurin da Baba ke tsayawa, kuma ga alama ba a tsayawa a nan, ƙaramin yatsa ne ba ya isa da wuri. Ya nuna masa yadda zai karkato da hannu ya isa.

"Shi yana tsayawa," in ji Baba.

"Don yana koyo ne, Baba. Da ya gyara."

"Bai gyara ba."

Ticha bai sake tayar da maganar ba.

Daga nan aka shiga neman farkon. Ticha yakan ƙago mafari iri-iri ya kaɗa, ya ce ko wannan, ko wancan. Wasu suna da daɗi ƙwarai. Baba yakan saurara har ƙarshe ya ce a'a, ko da yake bai taɓa jin na gaskiyar ba. Ni kuwa ina zaune a bayan bango da kiɗan duka a bakina. Wani lokaci Ticha yakan zo kusa ƙwarai, sai ya kauce ya bi wata hanya.

Wata Lahadi ya gaji ya ce, "Babu wanda ya taɓa jin sa duka? Mai ɗakinsa fa?"



"Tana takaba," in ji Baba.

"In ta fita fa?"

"Ticha, a wajenku suruki yana cewa matar ɗansa ta yi masa waƙa?"

Ticha ya ce gaskiya ko a wajensu ba a yi. Amma ya kawo shawara, matarsa tana waƙa a coci kuma tana da kunne, sai ta zo gaisuwa ta shiga wurina, in rera mata, ta ɗauko ta kawo. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Matar ta zo, da 'yar ƙwaryar gyaɗa a hannu. Inna ta gane abin da ya kawo ta. Ta shigo tare da ita ta zauna a tsakaninmu, ta yi ta jan ta da hira a kan tsadar manja a kasuwar Sabon Gari har rana ta yi sanyi, sannan ta raka ta har ƙofa da kanta.

Da ta dawo na yi ƙarfin hali na ce, Inna, na san abin da Baba yake nema. Ta dube ni ta ce ƙasar kabarin mijina ba ta gama kwanciya ba ina zancen waƙa. Sai kuma ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da gyale. Ta ce kullum abin nan ya tashi a shago sai ta ji kamar ana sake fitar mata da gawar ɗanta. Ban ga laifinta ba a ranar, kuma ban gani ba har yau.

Takaba ta ƙare a tsakiyar damina. Ba mu sami haihuwa ba, don haka babu abin da zai riƙe ni a gidan. Aka aiko daga Nguru, garinmu, cewa kawuna zai zo ya tafi da ni.

Ana gobe tafiya, bayan azahar, Inna ta shiga maƙwabta. Ina ninke kayana cikin akwati sai Baba ya fara a bayan bango. Ya yi tsakiyar, ya tsaya inda ake tsayawa, ya wuce, ya ƙare, ya sake komawa. Na ajiye zanen da ke hannuna na je na tsaya a ƙarƙashin kafar nan. Na jira ya kai ƙarshe. Sannan na rufe baki na fara rera farkon da hanci, a hankali, kamar mai aiki tana yi wa kanta.

Jitar ta yi shiru. Na ci gaba. Sai na ji tsirkiya ɗaya ta motsa, yana laluben sautin farko. Ya kuskure, ya matsa gaɓa ɗaya, ya same shi. Ya lalubi na biyu, ya same shi. Na komo farko don ya biyo ni.

Sai ya yi gyaran murya.

Na san irinta. Irin ta zaure ce, wadda yake yi in zai shigo gida. Ya ɗauka ban san yana ji ba, ya ɗauka kewa ce ta sa na manta da bangon, kuma bai ga ya dace ya zauna yana satar jin muryar matar ɗansa ba. Sai ya sanar da ni yana nan, kamar yadda ya saba. Ni kuma muryata ta ɗauke tun kafin in yi tunani. Da ya bar ni a kan ban sani ba, da na kai shi har ƙarshe. Amma tunda ya bayyana kansa, in na ci gaba ya zama na tsaya a gaban surukina ina yi masa waƙa ke nan.  Muka zauna haka, shi a can, ni a nan, har aka kira La'asar na ji ya ɗauki buta.

Da safe na je sallama. Na durƙusa a ƙofar shago idona a ƙasa, abin da nake iya gani kawai hannunsa na hagu a kan gwiwa, kan yatsun sun yi baƙi-baƙi da lalle. Ya yi mini addu'a mai tsawo. Ya ce na zauna da su lafiya, in yafe musu. Na ce ba su yi mini kome ba. Ya yi shiru kamar akwai saura, ni ma ban tashi ba. Sai kawuna ya yi magana daga waje cewa jirgi ba ya jira.

Na sake aure a Nguru, na haihu. Labarin Fagge yakan zo mini jefi-jefi ta bakin fatake. An yi wa Ticha canjin wurin aiki zuwa Jos. Baba ya ci gaba shi kaɗai, ƙofa a rufe, har hannunsa ya fara rawa. Wata 'yar unguwarmu da ta yi aure kusa da ni ta ce yaran layin duk sun haddace abin da yake kaɗawa, domin ba ya sauyawa: sauti biyu, sai dogon shiru, sai wani guntun kiɗa mai tuntuɓe. Baba ya rasu kafin a ba da mulkin kai. Ina da tsohon ciki a lokacin, ban sami zuwa gaisuwa ba. Ban san inda jitar ta shiga ba.

Na daɗe ina ganin kiɗan yana nan a ajiye a cikina, ko da ba na taɓa shi. Sai da na tsufa na komo Kano wurin 'yata, na tarar jikana, wanda shi ma ya zama magidanci, yana da jita a rataye a ɗakinsa. Na ce ya sauko mini da ita. Ya yi dariya ya ce Hajiya kaka za ta shiga fim. Na ce ya yi ta dariyarsa, amma ya nuna mini inda ake dannawa. Na yanke farcen hagu. Na bi abin da na ji Ticha yana faɗa ta kafar bango, kaɗan-kaɗan kullum, a hankali, in ajiye in yatsu sun yi zafi. Abin yana koyuwa, ko a shekaruna. Yatsuna sun yi kanta.

Da hannu ya fara faɗawa sai na nemi farkon kiɗan. Na sami sautin farko, na sami na biyu. Na tsaya ina jiran na uku. Na rera da hanci, na rera da baki, na gwada da safe, na gwada da yamma, na tuno da bakin gadon da ganyen miyar. Babu. Cikakken kiɗan sau kaɗan na ji shi a rayuwata, tsakiyar kuwa na ji ta kullum, daga hannun ɗa sannan daga hannun uba, har ta danne sauran.

Kallabin yana nan a ƙasan akwatina, da ɗinkin Baba a gefensa. In gida ya yi shiru bayan azahar nakan ciro shi in ninke in cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin. In kaɗa sauti biyun nan, in jira, sannan in shiga tsakiyar. Jikana ya ce akwai wurin da nake tsayawa, wai ƙaramin yatsana ne ba ya isa, zai nuna mini yadda ake karkato da hannu. Na ce masa ya bar shi haka.